Kwancin Kaza a Kan Ƙwan Zabuwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Kaza ce ta shiga kwanci, ta murtuke fuska, ta daina kiwo. Duk wanda ya leƙa akurki sai ya sha sara.

Zabuwa ta zo wucewa ta ce, "Yaya, wannan baƙin rai fa?"

Kaza ta ce, "Tafi can, sarkin yawo! Ina kika san wahalar uwa?"

Ashe tuni matar gida ta soye ƙwan Kaza, ta zuba mata na Zabuwa. Da 'ya'yan suka yi ƙwari, sai ga zanen zabi, suka bi uwarsu Zabuwa daji.

Zabuwa ta waiwayo ta ce, "Sannu da reno, Yaya. Baɗi ma zan aiko."

Ƙurunƙus kan ɓera, in da ƙarya Gizo ne ya saka.