Likitan Kyauta da Ƙafar Inna

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani tela, mai kekunan ɗinki da ma'aikata, Allah ya rufa masa asiri. Tun da ya gano ana ganin likita kyauta ta waya, sai biyan kuɗin asibiti ya zama wauta a wurinsa. In maƙwabci ya dawo daga asibiti sai tela ya yi masa dariya: "Kai ma ka je an tatse ka? Ni likitana a aljihu yake."

Mahaifiyarsa tana da ciwon suga. Ƙusa ta soke ta a ƙafa, wurin ya ƙi warkewa. Tela ya ɗauki hoton ƙafar ya tura. Likitan ya gaya masa gaskiya: wannan sai an gani da ido, a kai ta asibiti. Tela ya nemi wani likitan. Shi ma haka ya ce.

A nan Shaiɗan ya koya masa dabara. Ya riƙa wanke ƙafar, ya ɗauki hoton ta gefen da bai yi baƙi ba. Bai ambaci sugan ba. Bai ambaci warin da ya hana jikoki shiga ɗakin ba. Wari ai ba ya fitowa a hoto. Da haka ya samu wanda ya ce a shafa magani a gani.

"Ɗan nan, ƙafar nan fa na daina jin ta," in ji tsohuwar.

"Inna, likita ya ce da sauƙi."

Ta ja zane ta rufe ƙafar, don ba ta taɓa ƙaryata shi ba.

Ranar da ƙanwarsa ta zo ta ɗaga zanen, ihu ta saka. Aka kwashi tsohuwa zuwa asibiti, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Ba ta dawo ba.

Yanzu kekunan sun yi tsatsa, ma'aikata sun watse. Yana zaune a shago yana shinshina yadudduka, wai warin yake ji. Yakan tura wa likitoci hoton gaskiya, ya rubuta komai, bai ɓoye ba. Kowanne amsa ɗaya yake ba shi: "Ka kawo ta yanzu, kada ka jira." Sai ya miƙe da sauri, ya ɗauki makullin babur, ya tsaya a bakin ƙofa.

Wa zai kai?

Ya 'yan uwa, likitocin nan ba su cuce shi ba. Rowa ce ta cuce shi, ta sa ya ga lafiyar uwarsa ba ta kai a biya mata ba. Yau kuɗin na aljihunsa, babu mai karɓa.

Allah ka kiyaye mu da rowa irin wannan, ka sa mu kai iyayenmu asibiti tun suna iya kiran sunanmu. Amin.