Hannun Tangaran da Ya Karye

Akwai wani mutum mai sukuni, ana ce masa Baban Saratu, wanda ke tara tsofaffin mutum-mutumi na tangaran daga ƙasar Japan, irin waɗanda mabiya addinin Buddha suka ƙera tun zamanin da. Ya ware musu ɗaki guda. Duk baƙon da ya zo, sai ya kai shi ya gani.

A gidan kuwa akwai matar wansa marigayi, tsohuwa, ba ta da ɗa ko jika. Wata rana tana kakkaɓe ƙura, sai ɗaya daga cikin mutum-mutumin ya suɓuce mata, hannunsa ya karye. Mutumin ya husata ƙwarai, ya ce, "Kin ci abincina shekara bakwai, da wannan za ki saka mini? Tattara kayanki!" Ta ɗaure tsummokaranta, ta fita.

Bayan kwana uku ya kira wani dattijo masanin kayan tarihi, domin ya faɗa masa ko abin yana da sauran daraja. Dattijon ya juya abin a hannunsa, ya ce, "Wannan ya haura shekara ɗari biyu. Ka san ko siffar mece ce?"

Ya ce, "Ban taɓa tambaya ba."

"Siffar jinƙai ce a wurinsu. Dubi yadda ta sunkuyar da kai, wai tana sauraron kukan masu wahala. Wa ya karya ta?"

Mutumin ya tuna da tsohuwar da ya kora. Kunya ta rufe shi, har ya kasa duban dattijon.

Ya tashi ya bi unguwa yana cigiyar matar wansa, ya same ta a bayan gidan wasu mutane tana yi musu wankau. Da ta gan shi, sai ta durƙusa da kumfa a hannu, ta ce, "Baban Saratu, ka gafarce ni, tsautsayi ne."

Ya ce, "Yaya, tashi, don Allah tashi. Ni ne mai neman gafara." Ya ɗauki ƙunshin kayanta a kansa, mutane suna kallo, ya bi bayanta har gida.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Mutumin nan mu ne. Muna da Littafi Mai Tsarki mai kyakkyawan bango, mun san sura da aya, muna yi wa baƙi fahariya da shi. Amma me yake cewa a kan gwauruwa da maraya? Ubangiji ya ce jinƙai yake so, ba hadaya ba. In akwai wanda ka kora saboda abin hannunka, kada ka bari sai wani Lahadi. Je ka neme shi yau.