Wasiƙar da ke ƙarƙashin tukunyar fure

Akwai wani malamin jami'a a nan birnin Graz mai suna Severin Pichlhofer, masanin lissafi da ilimin kwamfuta. Maganar gaskiya, Allah ya ba mutumin nan ƙwaƙwalwa. Matsalarsa ita ce ya san da hakan, kuma yana so kowa ya sani.

Shekara takwas yana aiki a kan kwantiragi. Na ƙarshe zai ƙare a watan Satumba, kuma babu damar sabuntawa. Shugaban sashensu, Farfesa Zehetner, ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: "Herr Kollege, abokin aikina, in ka ci Habilitation, kujerar dindindin taka ce. Ka faɗi, sai dai mu yi maka liyafar bankwana."

Habilitation ita ce jarrabawa ta ƙarshe kafin mutum ya hau hanyar zama farfesa. Ka miƙa littafin bincikenka, sannan ka tsaya ka kare shi a gaban kwamiti. Kwamitin nan har da wakilan ɗalibai, kuma ƙuri'arsu ƙuri'a ce.

Binciken Severin a kan jiragen ƙasa yake. Ya ƙirƙiro hanyar da kwamfuta za ta riƙa raba wa jirage layi, ya kuma kawo hujjar lissafi cewa da hanyarsa jirage ba za su taɓa cijewa suna jiran juna ba.

To, a ajinsa akwai wata dattijuwa, Frau (wato Malama) Notburga Ranftl. Shekara talatin da biyar ta yi tana tsara jadawalin jirage, da ta yi ritaya sai ta shiga jami'a. Kullum tana layin gaba da fulas ɗinta na shayi.

Wata rana, tun a shekarar da ta gabata, ta ɗaga hannu.

"Herr Doktor, ka yi haƙuri. In jirage uku ne fa, kowanne yana jiran layin da na gabansa ya tare?"

Severin ya yi murmushi ya dubi aji. "Frau Ranftl, nan lissafi muke yi, ba hirar tasha ba. In kina da ƙorafi ki rubuto, akwatin wasiƙuna yana ƙofar ofis."

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "To, zan rubuto."

Ta kuwa rubuto. Da ya ga sunanta a bayan ambulan, ko buɗewa bai yi ba. Tukunyar furen da ke tagarsa tana yoyo, sai ya tura wasiƙar ƙarƙashinta.

Wata goma sha huɗu suka wuce. Saura mako uku ya tsaya gaban kwamiti, yana shirya misalan da zai nuna, sai ya ce bari ya sa jirage uku don abin ya fi kyan gani. Ya danna. Jirage uku suka tsaya cak a fuskar kwamfuta.

Ya sake dannawa. Suka sake tsayawa.

Ya jawo littafinsa, ya bi hujjar layi-layi. A shafi na arba'in da bakwai ya ga inda gizo ke saƙa: ya ɗauka jirage biyu ne kaɗai za su taɓa haɗuwa. Duk sauran littafin a kan wannan shafi yake zaune.

Washegari aka liƙa sunayen 'yan kwamiti. Cikin wakilan ɗalibai, ga Notburga Ranftl.

Ku ji wauta irin ta ɗan Adam. Wasiƙar nan tana gabansa, taku biyu daga kujerarsa. Da farko girman kai ne ya hana shi buɗe ta, yanzu kuma tsoro. A ransa ya riga ya gama karanta ta: zagi ne, da hujjar da za a binne shi da ita. Ko ruwa ya daina ba furen don kada ya je kusa da tagar.

Ya kulle kansa a ofis yana neman gyara. Abincin rana ya bushe a kan tebur. Da ya ji takun mutum a baranda sai ya yi maza ya rufe littafin. Sau biyu yana zuwa ƙofar Farfesa Zehetner don ya faɗi gaskiya, sau biyu yana juyowa.

Ana saura kwana huɗu suka yi kiciɓis da ita a matakala.

"Herr Doktor! Ka rame fa. Ka dai karanta wasiƙata ko?"

Ya kau da kai ya ce, "Na karanta, Frau Ranftl. Na gode."

"To madalla, hankalina ya kwanta. Sai ranar Alhamis ke nan."

Ta wuce tana murmushi. Shi kuwa, murmushin nan bai ga komai a cikinsa ba sai wuƙa.

Ranar Alhamis zaure ya cika. Severin ya yi jawabinsa da jirage biyu, yana addu'a a zuci kada kowa ya ƙirga. Farfesoshi suka yi tambayoyinsu, ya amsa. Har ya fara jin numfashinsa yana dawowa.

Sai Frau Ranftl ta ɗaga hannu, fuskarta wasai.

"Herr Doktor, ai ka bar mafi daɗin. Nuna musu yadda ka warware maganar jirage uku mana."

Alli ya suɓuce daga hannun Severin. Wata farfesa da aka gayyato daga wata jami'a ta jawo littafin tana zane a gefen takarda. Minti biyu bai cika ba ta ɗago.

"Herr Kollege, shafi na arba'in da bakwai. Ka san da wannan?"

Da ƙyar ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Mako uku."

Kun san a nan ba ma tafi bayan lacca, tebur muke ƙwanƙwasawa. Ranar nan babu wanda ya taɓa tebur. Frau Ranftl ta rufe bakinta da hannu, idonta ya ciko da hawaye.

Kwamiti ya ce ya janye littafin. Farfesa Zehetner ya raka shi baranda ya ce, "Kuskure kowa na yi, da mun ba ka lokaci. Ɓoyewar ce ba zan iya kare ka a kanta ba."

A ƙarshen Satumba yana kwashe kayan ofis, ya ɗaga tukunyar furen da ya riga ya bushe. Ambulan ta yi tabon ruwa. Tunda babu sauran abin tsoro, sai ya buɗe.

Shafi biyu ne, da rubutun hannu mai tsabta. Na farko ya nuna yadda jirage uku ke cijewa. Na biyu ya kawo maganin: a ba kowane layi lamba, jirgi kuma ya riƙa neman layukansa daga ƙaramar lamba zuwa babba. A ƙasa ta rubuta:

"Haka muke yi a ofishinmu tun kana firamare. Ni ban iya rubuta shi da harshenku ba, amma kai rabin shafi ya ishe ka. Ban so in ja maganar a gaban yara ba, don kada ka ji kunya. Littafinka yana da kyau, ina so in ga ka zama farfesa."

Severin ya zauna a kan kwalin littattafansa, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, tsoro kuma ƙaninsa ne. Kada ka raina tambaya saboda ka raina mai yin ta, kuma in ka gano kuskurenka, ka faɗa da bakinka tun kafin a faɗa maka. Wanda kake gudu, wataƙila maganinka ne a hannunsa. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman mai wani saƙo da ya daɗe yana ƙin buɗewa.