Ranar Da Anka Goge Takardar Shamsiyya

Akwai wata yarinya 'yar Allakaye, Shamsiyya, da ke son shiga konkur, wato jarrabawar ɗaukar 'yan makarantar ungozoma. Ranar ita ce ta ƙarshe, ƙarfe huɗu za a rufe karɓar dosiye, takardun masu nema, a shafin intanet. Komi nata ya shiga, sai takardar haihuwa.

Ta asalin ruwa ya cinye ta tuntuni. Abin da ya rage shi ne wadda anka aiko wa babanta ta faks shekarun baya, da hotonta da wani ya ɗauka ya sa mata cikin kile, ɗan abin ajiya da ake soka wa kwamfuta. Duk sanda ta ɗora hoton, shafin ya ƙi.

Ƙarfe biyu da rabi ta sauka Madawa, ta faɗa sibar, shagon intanet na Mahdi, tana haki. Mahdi kuwa ba a gaya mai magana. Ko gilashin idonshi na burga ne.

"Ƙanwata, kwantar da hankali. Wanga aikin minti biyu ne."

Ya canza wa hoton suna, ya ɗora. Anka ƙi. Ya sake, anka ƙi. Shamsiyya sai duban agogo take.

"Hoton ne tsohon yayi. Kawo takardar mu sake ɗauka."

Ta hiddo ta, duk ta yamutse. Mahdi ya leƙa shagon tela ya aro dutsen guga, garwashi jajur a ciki.

Madam Adawiyya, tsohuwar sakatariya mai buga wa mutane wasiƙu a kusurwar sibar ɗin, ta ɗaga kai.

"Mahdi, takardar faks ba ta son zafi."

"Inna, ki ji da wasiƙunki. Zamani ya wuce ki."

Ya aza dutsen. Da ya ɗaga, takarda ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ba suna, ba hatimi.

"Na shiga uku!" Shamsiyya ta aza hannu bisa kai. Ƙarfe uku da ashirin.

"Ƙila in ta huce ta dawo," in ji Mahdi, ya kama yi mata fifita.

"Tashi min daga kujerar nan," in ji Madam. "Ɗiyata, miƙo kilen."

Ta buɗe hoton a ordinatar, wato kwamfuta. "Wanga TIFF ne, irin na faks. Shafin WebP yake so. Canza suna bai isa ba, sai an buɗe shi an sake ajiyewa da sabon iri."

Ta juya shi. Shafin ya ce ya yi nauyi. Ta rage, sai sunan Shamsiyya ya dushe ba ya karantuwa. Ta koma daga farko, a hankali, kamar ba agogo a duniya. Shamsiyya na tsaye bayanta, tana salati a hankali.

Huɗu saura minti shida, shafin ya yi kore. An karɓa.

Shamsiyya ta durƙusa ta riƙe zanen Madam tana kuka. Mahdi ya cire gilashi, ya sosa ƙeya.

"Inna... ina ne kinka danna?"

"Jawo kujera, ɗana."

Darasi: In wanda ya riga ka sanin abu ya ce ka dakata, to ka dakata, ko da kana ganin zamani ya bar shi baya. Girman kanka na iya ƙone abin da wani ke da shi guda ɗaya tak. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wancan abokin naku na "minti biyu".