Likitan da Ya Ƙi Cewa Sanyi Ne

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙaramin gari can ƙasar Faransa, tun zamanin da. Likita ne, sunansa Gaspar. Kada wani ya ce mini ai Bature ne, ku dai saurara.

A lokacin tarin fuka yana cin mutane, kuma ba a gane shi sai ya gama da mutum. Gaspar ya zauna ya sassaƙa wani bututu na katako. In ya ɗora baki ɗaya a ƙirjin mutum, ya kara kunnensa a ɗayan, sai ya ji ciwon tun kafin ya fito fili. Ji kawai fa. Magani babu.

Kuna tsammani an gode masa? Ina. Wanda ya gaya wa gaskiya sai ya fita yana zaginsa, ya nufi wajen ɗaya likitan garin, wanda zai ce masa sanyi ne. Har suna suka sa wa bututun, wai sandar mutuwa.

To, garin nan suna da wata al'ada. Masu hali ba sa shayar da 'ya'yansu da kansu, sai su kai wa wata mace ta shayar, ta yi raino har yaye. Ƙanwar Gaspar, Odil, da wannan take ci. Mijinta ya rasu, jaririnta ya bi shi, sai ɗan wani attajiri a hannunta, ko zama bai fara ba.

Rannan ta zo gaishe da wanta tana tari. Ya ɗora mata bututun. Ya daɗe bai ɗago kai ba.

Ta ce, "Yaya, me ka ji?"

Ya ce, "Shi ne, Odil."

"Sanyi ne. Ka ce sanyi ne."

"Yaron nan a ƙirjinki yake kwana. In aka ci gaba haka, zai ɗauka."

"In ka faɗa, wa zai ƙara ba ni raino? Wa zai ƙara taka ɗakina? Nono ɗaya muka sha, Yaya. Ka rufa mini asiri."

Jama'a, ku tsaya nan. Ba wanda ya ji sai kunnensa. In ya yi shiru, magana ta mutu. Wallahi ni da nake ba ku labarin, ban san abin da zan yi ba.

Ya roƙe ta ta mayar da yaron da kanta, ta ƙi. Sai ya tashi ya je ya gaya wa uwar yaron. Kafin la'asar an zo an ɗauke ɗa. Aka ƙone shimfiɗar Odil a bakin hanya, maƙwabta suka daina amsa gaisuwarta.

Ya ɗauko ta ya kawo gidansa. Shi ke ba ta abinci, shi ke wanke tsumman da take tari a ciki. Ita kuwa ta juya fuska bango. Har ranar da ta cika, ba ta ƙara ce masa Yaya ba.

Ba a daɗe ba shi ma ya fara tari. Ya ɗauko bututun, amma katako ne, ba ya lanƙwasuwa, mutum ba ya iya jin ƙirjin kansa da shi. Ya roƙi ɗaya likitan ya saurara masa. Wannan ya ɗora, ya saurara, ya ce, "Sanyi ne." Gaspar ya ce ya gode. Da ya mutu, 'yan tsiraru ne suka raka shi.

Yaron kuwa ya rayu, ya girma, har ya ga jikoki. Bai taɓa jin sunan Gaspar ba.

Na ga wasunku suna jira in ce daga baya garin ya yi nadama. Bai yi ba, kuma abin yana ci mini rai. Gaskiya ba kullum take biyan mai ita a duniya ba, wani lokaci ma cinye shi take yi. Ladanta yana wajen Allah.

To kai mai shagon magani, da ka san ƙwayar nan ta lalace, da ke da kika san ciwon ɗanki yana yaɗuwa kika tura shi cikin yara, ku ji da kyau. Duk lokacin da kuka ce sanyi ne, akwai ɗan wani kwance a ƙirjin wannan ƙaryar. Allah Ya ba mu ikon faɗa, ko da na gida ne zai juya mana baya.