Garin da Ya Ɓoye Yunwarsa

To, ku gyara zama, ku ajiye abin da ke hannunku. Ga wata na kawo muku, amma wanda ya zo don dariya ya yi haƙuri, yau babu. In na kai ƙarshe shari'a ce za ta faɗo a kanku, kuma ba na son in ji wani ya ce ai duk ɗaya ne.

A wani ƙauye da ake kira Kwarin Gawo an yi wata mata mai suna Kubura. Mijinta Haladu ya tafi kudu aikin dako, don abin da gonarsa ta bayar bai kai su ko'ina ba. Ya bar ta da 'yarsu ta fari, Ramatu, da ƙaramin ciki. Da cikin ya bayyana, tsofaffin gidan suka ce a cire yarinya daga nono, wai nonon mai ciki cuta ne. Aka yaye Ramatu tana da wata goma sha huɗu. Abin da ya maye mata gurbin nono shi ne koko tsalala da safe, da tuwon dawa da miyar kukar da ba ta san mai ba, balle nama.

Kafin bazara ta yi nisa, gashin yarinya ya yi ja ya kakkarye, ƙafafu suka kumbura, hannu ya koma kamar sillen kara. Daga baya ta daina kuka ma, kuma wannan shirun shi ya fi tsorata Kubura. Ga ta kuma 'yar fari, kun san dai kunyar: uwa ba ta kiran sunanta, ba ta nuna damuwa a kanta a gaban surukai. Sai dai ta ce "'yar nan". Kubura tana kallon 'yarta tana ƙarewa, bakinta a ɗaure. Ba gidansu kaɗai ba ne, yara sun fi talatin a garin masu irin wannan kama. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne, aka yi ta turare da rubutu.

Mace ta farko da ta shiga maganar ita ce Malama Sakinatu, ma'aikaciyar ɗan ɗakin shan magani na garin. Tana da wani zare na awo mai launi uku da take ɗaura wa yara a damtse. Da ta ɗaura wa Ramatu, sai ya tsaya can cikin ja. Ta dubi uwar ta ce, "Kubura, wannan ba iska ba ce. Tamowa ce, yunwa ke kawo ta, kuma abinci ne maganinta." Kubura ta sunkuyar da kai, don da akwai abincin ai ba sai an gaya mata ba.

Malama ta rubuta sunayen yaran, ta ɗauki takarda ta nufi sakatariyar ƙaramar hukuma, tana neman a kawo wa garin abincin masu tamowa. Sau tara tana zuwa, ran da ta samu acaɓa ta hau, ran da babu ta taka. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce yana taro, jibi a ce takardar ta ɓace, ta sake rubuto wata. Da ta ga za a kashe ta da zama a benci, sai ta zarce gidan rediyo, ta faɗi sunan garin da yawan yaran, kowa yana ji. Manya suka fusata ƙwarai, amma abin da zuwa sau tara bai yi ba, jin kunya ya yi shi a yini ɗaya. Aka aiko cewa ran Laraba tawaga za ta zo ta gani da idonta.

A nan ne mutanen Kwarin Gawo suka yi abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Maigari ya tara dattawa ya ce baƙin gwamnati ne za su zo, ba za a bari su ga tsiraicin gari ba. Aka share ƙofar gidansa, aka aro tabarmi da kwanonin tangaran daga ƙauyen da ke gaba. Akuya biyu da suka rage a garin aka yanka, aka tuƙa tuwon shinkafa. Aka zaɓo yaran da ke da ɗan kumatu, aka yi musu wanka, aka jera su a gaba. Masu tamowa kuwa aka ce kowace uwa ta shige da nata ƙuryar ɗaki, kada a ji ko tarinsu. Kada ku ce mugunta ce. Mutane ne da aka rena a kan karrama baƙo da rufin asiri, ba su taɓa sanin akwai baƙon da ake nuna wa talauci ba.

Baƙi suka zo, su biyar, duk maza. Suka ci suka yi gyatsa, suka shafa kan yara masu kumatu, shugabansu ya rubuta abin da ya gani. Malama Sakinatu ta roƙe su su shiga gidaje, Maigari ya ce maza ba sa shiga gidan matan aure. Shugaban ya yi mata wani kallo, irin wanda ake yi wa maƙaryaci. Kubura tana bayan zana, Ramatu na kwance a gabanta, ta ji direba ya tayar da mota. Ta san da motar nan rayuwar 'yarta za ta tafi, amma kunya ta hana ta fita.

Sai ga mace ta biyu, Gwaggo Hurera, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda duk garin ake shakkar bakinta. Ta faɗo gidan ko sallama babu, ta sunkuci yarinyar. Kubura ta riƙe bakin zanen, suka dubi juna, sannan ta saki. Tsohuwa ta ratsa tsakiyar maza, ta kwantar da Ramatu a kan tabarmar baƙi, tsakanin kwanoni da ƙasusuwa, ta yaye mata zane. Ta danna babban yatsanta a kan ƙafar da ta kumbura, ta ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba.

"Kun ci akuyarmu ta ƙarshe, Allah ya sa ta amfane ku," in ji ta. "To, ga wadda aka hana romon. Akwai talatin irinta a bayan zana."

Maigari ya rufe fuska da rawani. Can sai wata mata ta turo nata ɗan ta ƙofar zaure, wata ma ta turo, har tabarmar ta cika. Shugaban tawaga ya yage shafin da ya rubuta, ya sake sabo. Ya yi alkawarin za a kawo abinci, amma sai takarda ta bi ofis-ofis, kwana arba'in ke nan in an yi sauri. Malama ta raɗa wa Kubura gaskiya: a yadda yarinyar take, da wuya ta ga kwana goma.

Mace ta uku ita ce maƙwabciyar Kubura, Yaya Zulai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da gona ɗaya. Duk abin da ta mallaka a duniya yana cikin wani tulu da ta liƙe bakinsa da laka: irin gyaɗa da waken suya, tana jiran ruwan shuka. Ko ran da 'ya'yanta suka yini da rogo, ba ta taɓa shi ba. Washegarin zuwan baƙi ta fasa liƙin. Kullum da safe sai ta ɗebi tafi guda ta soya, ta niƙa da ɗan gero da busasshen zogale yadda Malama ta koya mata, ta dama, ta zo ta zauna ta ɗora Ramatu a cinya. Da farko yarinya ta ƙi haɗiya, sai ta riƙa ɗiga mata da bakin cokali, wani lokaci tun hantsi har azahar kafin rabin kofi ya shiga. Ɗan'uwanta ya zo ya yi mata faɗa, ya ce mai cin iri mahaukaci ne. Ta ce, "Gona za ta jira wata damina. Wannan ba za ta jira ba."

A kwana na talatin ruwa ya sauka. Gari ya fita shuka, Zulai tana gida tana kankare gindin tulu. Kwana arba'in ɗin manya kuwa sai da ya zama hamsin da uku. Ran da mota ta iso da kwalayen madarar tamowa, an riga an binne yara goma sha ɗaya. Ramatu ba ta cikinsu. Ta sha, kumburi ya saɓe, gashi ya fara baƙi. Bayan wata huɗu aka ce shirin ya ƙare, mota ba ta sake zuwa ba.

Yanzu ku ji sakamakon da kowacce ta samu. Malama Sakinatu an ɗauke ta daga garin an jefa ta can wani lungu mai nisa, saboda maganar da ta yi a rediyo, aka sa wa ɗakin shan magani kwaɗo. Gwaggo Hurera kuwa gari ya juya mata baya, wai ta tona musu asiri a gaban baƙi. Har iyayen da 'ya'yansu suka rayu da madarar nan suka daina sayen daddawarta, in ta yi gaisuwa a amsa da hanci. Tsohuwa ta koma zaman ɗaki, bakin nan da ake tsoro ya mutu. Yaya Zulai, da kaka ta yi, gonarta ciyawa ce tsaye har ƙugu. Ta shiga bin gonakin mutane tana kala, kuma Kubura ta lura da abin da ta kasa faɗa wa kowa: gashin autan Zulai ya fara ja.

A cikin kakar nan Kubura ta haihu, mace. Haladu ya kira ta a wayar wansa, ya ce ba shi da halin dawowa, kuma tunda ita ta sha wahalar, ita za ta zaɓi suna. Kubura ta dubi ɗakinta. Ba ta da turmin zane da za ta kai wa kowa, ba ta da tiya ɗaya ta hatsi da za ta ce ga godiya. Abu ɗaya ya rage mata da za ta iya bayarwa, shi ne ta yi wa ɗaya daga cikinsu takwara. Jaririya kuwa ɗaya ce, suna ɗaya.

Kwana shida tana juya abin. Da Malama ba ta yi ta sintiri ba, da babu wanda zai zo. Da Gwaggo ba ta keta kunyar gari ba, da sun zo sun ci tuwo sun koma. Da Yaya Zulai ba ta fasa tulunta ba, da mota ta iske kabari. Kowacce ta ba da abin da ba za ta sake samu ba, kuma ba 'yar kowacce ba ce a cikinsu.

Safiyar suna ta yi. Maza sun taru a zaure, an ajiye ɗan goron da aka samu. Wan mijinta ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Liman na jira. Wane suna zan kai?" Ramatu tana tsaye ta dafa ƙyaure, ƙafafunta siri-siri amma suna ɗauke da ita. Kubura ta dube ta, ta dubi jaririya, hawaye ya zubo, ta buɗe baki.

A nan zan tsaya, don ba ni zan yanke ba. To, ku da kuka ji, tsakanin wadda ta kai kuka ta rasa wurinta, da wadda ta tona asiri ta rasa mutanenta, da wadda ta ciyar da irinta ta jawo yunwa ɗakinta, wace ce ta fi cancanta a sa wa jaririyar nan sunanta?