Layi Ɗaya da Ya Zame

Malamar lissafi ta aji uku, wadda abokan aiki ke yi wa laƙabi da Ƙarfe, gwana ce a gaban allo. Aibinta ɗaya ne: ba ta yarda a ga gazawarta. Lokacin hutu malamai kan zauna a ofis su amayar da damuwarsu, ita kuwa ta taɓe baki ta ce zaman ƙorafi ne.

Wata guda ke nan mijinta na kwance a asibiti, ba ta gaya wa kowa ba. Daga asibiti sai aji, daga aji sai asibiti. Sallarta ma ta koma ta gaggawa, ko zaman addu'a ba ta yi. Har hannunta ya soma rawa in ta riƙe alli.

A makarantar, bibbiyu ake shigar da makin ƙarshen shekara: ɗaya na karantawa, ɗaya na rubutawa. Malamar tarihi, wata dattijuwa, ta jawo kujera kusa da malamar lissafi.

"Ƙanwata, kawo in karanta miki. Amma fara yin alwala ki nutsu, ki gaya mini abin da ke cin ki."

"Haba Yaya, ni da ke koyar da lissafi? Yara arba'in ne fa kacal."

Gaskiyar ita ce, tsoro take kada a ga rawar hannunta. Ta kulle kanta a aji. Tana tsakiyar rubutu aka kira daga asibiti. Da ta ajiye wayar, idonta ya zame layi ɗaya, daga suna na goma sha ɗaya kowa ya sami makin wanda ke bin sa a jeri.

Ranar raba sakamako wani uba ya shigo, 'yarsa na kuka. Takardar jarrabawarta tamanin, sakamakonta talatin, an ce ta maimaita aji. Kafin azahar iyaye sun cika ofis. Da aka gano kuskuren malamar lissafi ne, shugaban makaranta ya karɓe ajin da ta shekara tara tana riƙe da shi.

Nan, gaban waɗanda take ɓoye wa, ta fashe da kuka. Malamar tarihi ta kama hannunta ta ce, "Tun watan jiya nake ganin yana rawa. Jira nake ki miƙo shi."

Darasi: malami ma mutum ne. Idan zuciya ta yi nauyi, ka tsaya ka kai kukanka ga Ubangiji, ka buɗe wa abokin aiki cikinka. Damuwar da malami ya ɓoye, ɗalibansa take faɗa wa.